A Auna Shasi Kafin A Kira Mai Sikeli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini ɗan fili a shafin wasiƙu. Hannuna ya fi sabawa da guduma a kan alƙalami, don haka ɗana ne ke bugawa a waya ina faɗa masa. In ka ga kuskuren rubutu nasa ne, in ka ji zafin baki nawa ne.

Sana'ata gyaran bodin mota, abin da ake kira fanel-bita. Tun zamanin Shagari aka kai ni Agege wurin ƙanen mahaifina mai sayar da goro, wai in koyi ciniki. Ciniki ya ƙi ni. Sai na maƙale a wani gareji da ke bayan gidanmu, wurin wani dattijo Bayarabe da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, Allah ya jiƙansa. Na haura shekara ashirin a Ikko, kuma mafi yawan ƙarfen da na doka a rayuwata na molue ne, wato manyan bas ɗin hayar nan na Legas. Yanzu na dawo Kaduna, ƙarfi ya ja baya, aikina duba hannun yara da shan shayi.

Abin da ya tayar mini da wannan magana ya faru ne kwanan baya a filin da ke kusa da garejinmu. Janwe ya jawo wata tsohuwar bas ya ajiye. Tun daga nesa na gane ta, kamar yadda mutum ke gane ɗan garinsu a cikin taro. An shafe ta da shuɗin fenti, amma inda ya ɓare ana ganin ruwan ɗorawar nan na Legas yana leƙowa. Molue ce, irin waɗanda aka riƙa saya ana kawowa Arewa bayan kasuwarsu ta mutu a can, tana jigilar 'yan kasuwar ƙauye da buhunansu ranar kasuwa. Tifa ce ta goge ta ta gefen direba. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, direban ne ya samu karaya. Amma fuskar motar ta tashi daga aiki: bamba ta naɗe, murfin inji ya tattare kamar takarda, lagireto ya fashe, gilashi ya zube, ƙofar direba ta shige ciki. Duk wanda ya wuce sai ya girgiza kai ya ce wannan kam ta gama yawo.

Ban ce komai ba. Na aiki yaro ya kawo mini alli da zare da noti guda, muka tura ta kan dandamalin siminti, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi duk da ciwon bayan da ke damuna. Yadda maigidana ya koya mini ke nan. Za ka ɗaura noti a bakin zare, ka sake shi daga wuraren da sifirin ke riƙe da shasi, wato dogayen ƙarafan ƙasa da bodin mota ke zaune a kai, gaba da baya, hagu da dama, duk inda notin ya taɓa ƙasa ka yi alama da alli. Sai a janye motar, ka auna alamomin a gicciye, daga gaban hagu zuwa bayan dama, daga gaban dama zuwa bayan hagu. In awon biyu ya zo ɗaya, shasi na nan a miƙe. In ya saɓa, motar ta murɗe, ko da ido bai gani ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To ban da a kan shasi. Na sha ganin motar da ke ƙyalli a waje alhali ƙashin bayanta ya karye, na kuma ga wadda fuskarta ta ragargaje ƙashinta lafiya lau.

Wannan shuɗiyar awonta ya zo daidai. Na bi ƙarfen da tocila taƙi bayan taƙi, babu tsaga, babu wurin da fenti ya tashi alamar lanƙwasa, kusoshin da ke riƙe da ƙarafan gicciye ba wanda ya motsa. Inda akwatin sitiyari ke zaune ko gezau. Tifar kwano kawai ta ci. Aikin mako uku ne ga yarana, kuma ƙofa da murfin inji da lagireto duk ana samunsu na hannu, tun da kan motar irin na Marsandi 911 ne, wadda har yau ba ta ƙare a hanyoyinmu ba.

Da mai motar ya zo na faɗa masa. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba, ai na riga na karɓi kafin alƙalami wurin 'yan gwangwan." Washegari suka zo da tukwanen gas. Kafin la'asar ɗin jibi babu abin da ya rage a filin sai baƙin mai da ɓaraguzan gilashi. Na zauna ina kallo ana yanka shasin nan gida-gida ana ɗorawa a sikeli, wallahi kamar ana fiɗar saniya mai ciki.

Yaran yanzu da ba su san molue ba, bari in ɗan faɗa musu. Kafin ita akwai bolekaja, motar katako, wadda sunanta da Yarabanci ke nufin sauko mu yi faɗa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Molue ta gaje ta. Ba wani kamfanin Turai da ya taɓa zana ta. Kan babbar mota ake samu da shasinta, yawanci Marsandi 911, wasu Bedford, sai maƙeran gida su gina mata jiki da ƙarfe da kwano, su jera kujeru a matse, su shafa ruwan ɗorawa da baƙaƙen layuka. Injin 911 ɗin nan mai silinda shida, OM352, jaki ne, in dai ka ba shi mai da baƙin mai ba ya gardama. Ita ta ɗauki Legas a bayanta shekara da shekaru, daga Agege da Iyana Ipaja zuwa Oshodi, daga Oshodi zuwa Idumota da Obalende. A cikinta ake wa'azi, a cikinta ake tallar maganin basir, a cikinta ake yanke aljihu. 'Yan uwanmu masu kai tumatir da albasa daga Mil 12, da 'yan goro, da masu gadi, ba wanda bai rataya a ƙofarta ba. A 2008 aka fara bas ɗin BRT daga Mil 12 zuwa CMS, a 2009 aka share Oshodi, a 2013 gwamnatin Fashola ta hana molue hawa gadojin shiga tsibirin Legas. Daga nan ta fara ɓacewa.

Kada mai karatu ya ɗauka kukan tsoho nake yi na a dawo da jiya. Ni na san cikin molue fiye da fasinjanta, kuma ba zan so jikata ta shiga irin waɗanda na gani ba. Akwai wadda in ka ɗaga tabarmar ƙasa kana ganin kwalta tana gudu. Akwai wadda ginshiƙan jikinta tsatsa ta cinye, fila, wato ƙullin da ake cike ramin kwano da shi, da fenti kaɗai ke riƙe da rufin. In kana son kama maƙaryacin fanel-bita, ɗauki maganaɗisu ka bi jikin motar, duk inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe a wurin, ƙulli ne aka cusa aka shafe. Irin waɗannan sikeli ne gatansu, kuma da a ce an yanka su tun da wuri da an rage marayu.

Na faɗi haka ne don ina da nawa laifin, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na kasa yin shiru. Bayan maigidana ya tsufa ya bar mini garejin, wani mai molue ya kawo motarsa. Direba ya kauce wa wani abu da dare ya afka kwalbati. A ido ɓarnar ba ta kai rabin ta shuɗiyar nan ba, fitila ɗaya da bamba. Amma da na shiga ƙarƙashi na tarar shasi ya lanƙwashe ta dama, ya kuma tsage a bayan mariƙin sifirin na gaba. Na ce masa sai dai a nemo wani shasin a juye bodi a kai, ko a sayar da ita. Mutumin nan ya durƙusa. Bashi a kansa, yara a makaranta, motar ke nan guda, kwana ɗaya ba balas gidansa ba a ɗora tukunya. Ni ma a lokacin matata ta kusa haihuwa. Na karɓi aikin.

Na hura wa ƙarfen wuta har ya yi ja, muka ja da sarƙa da jak ya dawo kamar ya miƙe. Na bi tsagar da walda a tsaye, daga sama har ƙasa, na gurje, na shafa baƙin fenti, na watsa ƙura a kai don kada ya yi sabo. Ko injiniya ya leƙa ba zai gani ba. Alhali na san abin da maigidana ya sha faɗa mini. Shasin babbar mota ba a yi shi don ya sandare ba, yana lanƙwasawa yana dawowa duk lokacin da taya ta faɗa rami. Wuta tana kashe wannan halin. Walda kuma in ta ratsa leɓen ƙarfen a tsaye, ita kanta ba ta karyewa, gefenta ne ke buɗewa, inda zafi ya gasa ƙarfen ya bar shi da gautsi. Gyaran gaskiya, in ma tsagar mai gyaruwa ce, a miƙe ƙarfen da sanyinsa, a yi haɗin a karkace, a ɗora masa wani dogon ƙarfe ta ciki a ɗaure da kusoshi. Wannan yana cin kuɗi da kwanaki, mu kuma ba mu da ko ɗaya.

Wata huɗu ta yi tana aiki. Ranar wata Litinin da damina, cike maƙil da mutane, ƙarfen ya buɗe dab da waldata. Sifirin ya goce, taya ta koma baya, sitiyari ya ƙwace daga hannun direba, motar ta daki simintin tsakiyar titi ta kwanta a kai. Yaron motar, wanda ke rataye a ƙofa yana kiran fasinja, ƙafarsa ta dama aka yanke daga gwiwa. Bai kai shekara ashirin ba. Kowa ya ce birki ne ya tsinke, wasu suka ce ƙaddara. Ba wanda ya zo garejina ya tambaye ni komai. Ni kuwa da aka jawo ta na leƙa na ga inda ta buɗe, na kwana uku abinci bai wuce mini ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma malamai sun karanta mana cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ƙurar da na watsa a kan fentin nan ban san wani suna da za a kira ta da shi ba in ba algus ba. Na nemi yaron daga baya, na yi abin da zan iya, har yau ina neman gafarar Allah.

To ka gani, Malam Edita. Mota biyu, wadda ya kamata a yanka na mayar da ita titi, wadda ya kamata a gyara an yanka ta a gabana. A duka biyun ba wanda ya tambayi ƙarfen. Aljihun mai mota ne ya yanke hukunci, da gaggawar wanda ya riga zuwa, ko mai walda ko mai sikeli.

Ɗan nan nawa mai buga wasiƙar shi ya nuna mini a waya yadda mutanen Landan suka yi da tasu tsohuwar bas, jar nan mai bene da ake kira Routemaster. Guda 2,876 aka ƙera tsakanin 1954 da 1968, amma ba a sauke ta daga aikin yau da kullum ba sai ranar 9 ga Disamba 2005, a layi mai lamba 159. Abin da ya fi burge ni ba jan fentin ba ne. A lokacin suna da wata babbar ma'aikata a Aldenham, inda bas ke shiga bayan 'yan shekaru ko da ba ta yi haɗari ba. A ɗage bodin da na'ura a ajiye gefe, ƙarafan ƙasa masu ɗauke da inji da tayoyi su bi nasu layin, a kwance komai a duba, a canza abin da ya gaji, sannan a sake haɗawa. Sau da yawa bodin da ta shigo da shi ba shi take fita da shi ba. Wannan ai shi ne juyen bodin da na gaya wa mai molue ya ƙi, sai dai su sun mayar da shi tsari. An rufe ma'aikatar a 1986. Kuma su ma sun yanka da yawa, a filayen 'yan gwangwan ɗinsu na Barnsley, har daga baya hukumar sufurin birnin ta koma tana sayen wasu daga hannun mutane tana gyarawa don ta rasa motoci. Da suka tashi sauke ta suna da hujja: mai keken guragu ba ya iya shiga, ƙofar baya a buɗe take mutane na faɗowa. Amma sun bar 'yan kaɗan suna yawo a layi na 9 da na 15 na wasu shekaru, kuma suna da su a gidan tarihin sufuri na birnin.

Na san za a ce wannan Ingila ce, masu kuɗi. To Senegal fa? Ƙananan bas ɗinsu na Dakar masu zane-zane, shuɗi da ruwan ɗorawa, da Alhamdulillah a goshi, guda tana ajiye a wani gidan tarihi a birnin Faris mutane na biyan kuɗi suna kallo. Mu kuwa ƙasar da ta taɓa haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Badun, Fijo a nan Kakuri, muna ƙarar da abin da hannunmu ya gina a kan kilo.

Ba na zargin 'yan gwangwan. Sana'a suke yi, kuma ba don su ba da gawar mota ta toshe kowane lungu. A wurinsu komai ba ya tashi a banza. Inji ya koma wata motar ko ya ja injin niƙa, sifirin ya tafi maƙera ya dawo gatari da adda da fartanya, kujeru su zama bencin mai shayi, sauran a narka a yi rodin gini. Wanda ya taɓa zagaya Panteka ya san irin basirar da ke wurin. Abin da nake cewa kawai, su ne ya kamata su zo a ƙarshe, kamar mahauci, bayan mai duba dabba ya gama.

Roƙona ga jami'an VIO da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shi ne, duk babbar motar fasinja da ta yi haɗari, kada ta koma lodi sai an auna shasinta an rubuta. Ba na'urar miliyoyi nake nufi ba, ko da yake in akwai madalla. Dandamalin siminti ɗaya da ba tudu ba kwari, zare, alli, tocila, da mutumin da ya san abin da yake nema kuma yake tsoron Allah. A duba ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba, don shi ma in ya lanƙwashe wasu wuta suke hura masa su miƙe, wanda haramun ne a wannan sana'a. Wadda aka samu ƙashinta ya mutu a rubuta lambar shasinta a kashe takardunta, don na san yadda ake yanke wurin lambar a liƙa wa wata. Wadda aka samu lafiya a ba mai ita takarda. Da mai shuɗiyar nan yana da irin wannan takarda a hannu, ko bai iya gyarawa ba, da ya sayar wa mai iyawa da daraja fiye da ta kilo. Asara biyu ya yi, bai ma sani ba.

Mu ma masu sana'ar da namu. Ƙungiyoyinmu na makanikai sun iya karɓar kuɗin kati da shirya walima, ya kamata su iya hana ɗansu yin waldar tsaye a kan shasin motar da za ta ɗauki rayuka. Yarana sun san dokata, duk wanda na kama ya kusantar da wuta ga shasi ya tattara kayansa. Suna ce mini tsohon nan ya cika tsanani. Ban taɓa ba su labarin yaron motar nan ba, yau za su karanta a jaridarka.

Sai kuma hukumar gidajen tarihi. Na taɓa shiga gidan tarihi na Onikan sau ɗaya, wani abokina ya ja ni, don mu ga Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976. Tana nan da ramukan harsashinta, ba wanda ya cusa musu fila. Na daɗe a tsaye a gabanta. Wannan motar shugaba ce, ta cancanta. Amma motar da ta kai talaka aiki ta dawo da shi shekara arba'in ita ma tana da abin faɗa. A samu molue guda mai lafiyayyen shasi, ko da ta haɗari ce, a gyara ta yadda take a da, da kujerunta masu matse gwiwa da ƙarfen ratayawa da rubuce-rubucen jikinta, a ajiye. A nan Arewa ma a nemi kiya-kiya guda da tsohuwar motar katako a kai Gidan Makama ko gidan tarihin Kaduna. Masu iya wannan aiki da hannu muna ƙarewa, yawancin waɗanda muka yi zamani tare a Agege sun riga mu gidan gaskiya. In an tashi, ni dai ba zan karɓi ko sisi ba, abinci kawai za a ba yarana.

Ranar da aka gama yanka shuɗiyar, na je wurin yaron da ke kan sikeli na ce ya sayar mini da tauraron nan na Marsandi da ke goshinta. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Baba, wannan ai ko rabin kilo bai kai ba, ɗauka kawai." Yana rataye yanzu a ƙusa a bangon gareji, kusa da zaren awona.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya kiyaye mu da haɗarin hanya.

Naka,
Tsohon mai gyaran bodin mota,
Tudun Wada, Kaduna.